Bruce Springsteen: Tsohon da ya ƙi sauka daga dandamali, da rigimar tikitin dala 4,000

Ranar 14 ga Mayun 2025, a birnin Manchester na Ingila, wani dattijo mai shekara 75 ya fito dandamali rataye da jita. Kafin a fara kiɗa ya matso makirufo ya ce ƙasarsa Amurka ta faɗa hannun gwamnati mai cin hanci, wadda ba ta iya aiki ba, kuma mai cin amanar ƙasa. Bayan kwana biyu Shugaba Donald Trump ya hau shafinsa na Truth Social ya rama. Ya ce mutumin ba shi da wata basira, ya kwatanta shi da busasshen ɗan itacen da ya gama yamutsewa, ya kuma ce ya kama bakinsa har sai ya dawo gida. Da yawanku kun ga guntun bidiyon ya gifta a X ko TikTok, kun ɗan tsaya kun ce wannan tsohon kuma waye, kuka yi gaba abinku.

Sunansa Bruce Springsteen, magoya bayansa suna ce masa "Boss". Shi ne shugaban ƙungiyar makaɗa ta E Street Band, kuma sama da shekara 50 ke nan yana yawon duniya da ita yana kiɗan rok an rol. Na san ba irin kiɗan da ke cikin wayar yawancinmu ba ne. Amma in kana waƙa, ko kana da aboki mai waƙa, ko kana cikin masu ganin cewa bidiyo ɗaya ya yi tashe shi ke nan an haye, to akwai abin dubawa a rayuwar wannan mutumin. Akwai kuma abin da ya yi wanda har yau masoyansa na haƙiƙa ba su gama yafe masa ba, za mu zo wurin.

An haife shi ranar 23 ga Satumban 1949, ya tashi a wani ƙaramin gari mai suna Freehold a jihar New Jersey. Gidan talakawa ne. Uban ya yi aikin masana'anta, ya yi tuƙin bas, lokuta da dama kuma yana zaune babu aiki. Uwar, Adele, sakatariya ce a ofishin lauyoyi, kuma albashinta ne ya riƙe gidan. Ita ce ta ci bashi ta saya masa jitar dala 60 a 1964. Daga nan ya shiga ƙungiyar samari ta The Castiles, daga baya ya koma buga kiɗa a mashayu da ƙananan kulob na garin Asbury Park da ke bakin teku. A can ne sunan "Boss" ya samo asali, kuma ba wani kirari ba ne na girma: shi ne yake zuwa ya karɓo kuɗin wasa a hannun mai kulob in an tashi, ya raba wa sauran yaran. Mai rabon kuɗi, shi ne maigida. An ce shekaru da dama ba ya ma son sunan.

A 1972 kamfanin faifai na Columbia ya ɗauke shi. A 1973 ya fitar da faifai biyu, duka ba su yi kasuwa ba. A wannan zamanin namu da tuni an rufe babinsa, an ce ya gwada bai dace ba. Abin da ya cece shi shi ne wasan da yake yi a gaban mutane. Duk garin da suka sauka, ko mutum 200 ne a ɗakin, sai sun fita suna ba da labari. A 1974 wani marubucin jarida mai suna Jon Landau ya kalli wasansa a kusa da Boston, ya koma ya rubuta cewa ya ga makomar kiɗan rok da idonsa. Kamfani ya ɗauki wannan magana ya yi talla da ita, ya ba shi dama ta ƙarshe. Faifai na uku, Born to Run, ya fito a Agustan 1975, kuma a mako guda na watan Oktoba hotonsa ya hau bangon mujallun Time da Newsweek a tare. Yana da shekara 26.

To a nan ne labarin ya fara shafar mu kai tsaye.

Lokacin da duniya ke ganin yaro ya haye, shi kuma ya zauna da lauya ya karanta takardun da ya sa wa hannu a 1972 tare da manajansa Mike Appel. Labarin da ya shahara shi ne a kan murfin mota ya sa hannu a ɗaya daga cikinsu, a wurin ajiye motoci, bai ko karanta ba. Abin da ya tarar a ciki ya ɗaga masa hankali. Kamfanin manajan ne ke da yarjejeniya da Columbia, kuɗi ta hannunsa suke biyowa, kuma haƙƙin mallakar waƙoƙin da Springsteen ya rubuta da hannunsa yana wurin kamfanin manajan. A 1976 ya kai ƙara kotu. Appel ma ya shigar da tasa, har ya samu umarnin kotu da ya hana Springsteen shiga sutudiyo tare da Landau, wanda a lokacin ya zama na hannun damansa. Ka duba fa: mawaƙin da ya fi kowa tashe a Amurka, an ɗaure masa hannu ba zai iya naɗar sabuwar waƙa yadda yake so ba. Sai a Mayun 1977 aka sasanta, ya karɓo ikon waƙoƙinsa. Faifansa na gaba bai fito ba sai 1978, kusan shekara uku bayan wancan.

Me ya ci a tsakanin? Hanya. Ya kwashi yaransa suka ci gaba da rangadi gari-gari, domin kotu ta hana shi sutudiyo ne, ba ta hana shi dandamali ba. Da mutum ne wanda duk ƙarfinsa a faifai yake, da wannan shari'a ta binne shi.

Yanzu tsallako zuwa Disambar 2021. Waɗannan waƙoƙi da ya yi shari'a a kansu, da duk waɗanda suka biyo baya, ya sayar wa kamfanin Sony a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai kimanin dala miliyan 500. In ka lissafa a kan naira 1,500 duk dala, wajen naira biliyan 750 ke nan. Abin da ya sa ya iya sayarwa shi ne nasa ne. Da ya haƙura a 1976 ya ce kada a ɓata zumunci, da wani ne zai karɓi wannan cak ɗin. Kuma abin sha'awa, daga baya shi da Appel sun shirya, har sun koma gaisawa. Shari'ar ba ta hana zumunci dawowa ba.

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga irin wannan. A nan Najeriya Brymo ya yi rigima da Chocolate City a 2013 har gaban kotu. Kizz Daniel ya yi tasa da G-Worldwide daga 2017, har ta kai shi ga sauya yadda ake rubuta sunansa. Waɗannan ma su ne waɗanda suka yi suna har aka ji labarinsu. A Kano da Kaduna da Jos kuwa, sau nawa yaro zai shiga sutudiyo ya rera, wani ya biya kuɗin aiki, a ɗora waƙar a tashar YouTube ta mai biyan, ba takarda, ba komai sai "ai mu 'yan uwa ne"? Ranar da waƙar ta tara masu kallo miliyan biyu ake gane cewa 'yan uwantakar ba ta da lambar asusun banki. Tambayar da Springsteen bai yi ba yana ɗan shekara 22 ita ce wadda yawancin yaranmu ba sa yi yau: in wannan waƙa ta kawo kuɗi nan da shekara goma, aljihun wa za su shiga?

Sai batun riƙe jama'a, wanda a ganina ya fi rubuta waƙa wuya. Ƙungiyoyin kiɗan rok sun yi ƙaurin suna wajen watsewa. The Beatles, da duk girmansu, kusan shekara goma kawai suka yi. Amma mai jitar bes na E Street, Garry Tallent, yana tare da Springsteen tun kafin faifan farko. Mai ganga Max Weinberg da mai piyano Roy Bittan sun shigo a 1974, har yau suna nan. Steven Van Zandt abokinsa ne tun suna samari. Yaya aka yi?

Amsar ba mai daɗin ji ba ce ga masu son a ce kowa daidai yake. Tun farko Springsteen shi kaɗai ya sa hannu da kamfani, sunansa ne a faifai, sauran ma'aikatansa ne da yake biya. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fitar a 2016 bai ɓoye ba, ya nuna cewa dimokuraɗiyya ba ta aiki a ƙungiyar kiɗa, shi mulkin mutum ɗaya yake yi, sai dai mai tausayi. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Haka manyan makaɗan Hausa suka tafiyar da nasu: akwai maigida, akwai makaɗa, akwai 'yan amshi, kowa ya san matsayinsa. Kowa ya san Mamman Shata, amma tsaya ka tambayi samari goma sunan mutum ɗaya cikin masu buga masa kalangu, ka ga ido. Alhali in ka cire kalangun nan, rabin abin da ke sa jikinka motsi ya tafi.

Mulkin mutum ɗaya kuwa yana da ranar da yake cizo. A Oktoban 1989, bayan sun gama shekarun da suka fi samun kuɗi a rayuwarsu, Springsteen ya ɗauki waya ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya ce zai gwada aiki da wasu makaɗan. Shi ke nan, an sallame su. Mutanen da suka kwana da shi a mota tun ba a san shi ba. Ya koma California, ya fitar da faifai biyu a 1992 da sababbin makaɗa, jama'a suka saya amma ba su ji irin abin da suka saba ji ba. Ya ci kyautar Oscar a 1994 da waƙar fim ɗin Philadelphia, wato ba wai ya faɗi ba ne. Duk da haka sai da ya dawo ya nemi tsofaffin yaransa, suka koma hanya tare a 1999. A shekarar ce kuma aka shigar da shi zauren girmamawa na mawaƙan rok, shi kaɗai, ba tare da ƙungiyar ba. Van Zandt ya roƙe shi ya dage a haɗa da su, bai yi ba. Sai 2014 aka shigar da E Street Band, lokacin biyu daga cikinsu sun riga sun mutu: Danny Federici a 2008, da Clarence Clemons a 2011. A wurin bikin Springsteen da kansa ya tabo wannan magana cikin nadama.

Clarence ɗin nan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Baƙar fata ne, ƙato, mai busa saksofon, kuma shi ne wanda Springsteen ya jingina da kafaɗarsa a hoton bangon Born to Run. A Amurkar 1975, farar fata da baƙar fata su tsaya haka a bangon faifan rok, magana ce babba ko ba a furta ba. Da ya rasu mutane da yawa sun ɗauka ƙungiyar ta ƙare. Sai aka ɗauko ɗan ɗan'uwansa, Jake Clemons, ya gaji wurin daga 2012. Gadon gida, kamar yadda ɗan makaɗi ke ɗaukar gangar ubansa.

Abin da suke sayarwa a dandamali shi ne gumi. Wasan Springsteen yakan kai awa uku ba hutun kirki, waƙa na ƙarewa yana ƙirga ta gaba. A Helsinki, ranar 31 ga Yulin 2012, sun yi awa huɗu da minti shida, yana da shekara 62. A Landan cikin watan nan dai sai da masu shirya taro suka kashe musu na'ura saboda sun wuce lokacin da hukuma ta yarda, alhali Paul McCartney na tsaye tare da shi a dandamalin. Shekaru da yawa yakan karɓi kwalayen da 'yan kallo suka rubuta sunan waƙa, ya ɗaga wa makaɗansa, su buga nan take ko da sun shekara 20 ba su taɓa ta ba. Ba a ɗora faifai a bi da baki. Shi ya sa za ka samu mutumin da ya kalle shi sau 50 ko 100, domin wasan jiya daban, na yau daban.

Wannan yana da muhimmanci saboda yadda kasuwar waƙa ta juya. A da ana rangadi ne don a tallata faifai. Yau faifan ne talla, kuɗin suna ƙofar shiga. Abin da manhajojin sauraron waƙa ke biya kan saurare ɗaya bai kai ko sulai ɗaya na dala ba, kuma tun 2024 Spotify ba ya biyan komai kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin shekara. Rangadin da Springsteen ya fara a Tampa a Fabrairun 2023 ya rufe a Milan a Yulin 2025 ya tara sama da dala miliyan 700. Tsoho mai shekara 75, wanda rabonsa da waƙar da ta mamaye rediyo an daɗe. Mabiya miliyan a Instagram abu ne mai kyau, amma tambayar da kasuwa ke yi ita ce mutum nawa cikinsu za su cire kuɗi, su hau mota, su zo su tsaya awa uku don su gan ka.

Daga nan ne kuma rigimar ta taso.

A Yulin 2022 aka buɗe sayar da tikitin wasannin Amurka ta hannun kamfanin Ticketmaster. Masoya suka shiga layin intanet, wasu suka jira sa'o'i, da layi ya zo kansu suka ga kujera ɗaya dala 4,000, wasu ma sun haura haka. Naira miliyan shida ke nan a lissafin ɗazu, don kallon dare ɗaya. Kuma ba 'yan bumburutu ne suka sa farashin ba, kamfanin ne da kansa. Tsarin da suka yi amfani da shi na'ura ce ke duba yawan masu nema tana ɗaga farashi nan take, irin yadda kuɗin tikitin jirgi ke tashi gab da sallah, ko yadda manhajar tasi ke ninka kuɗi in ana ruwa. Hujjarsu ita ce in an sayar da araha, 'yan kasuwar bayan fage ne za su kwashe su sayar da tsada, gara kuɗin su shiga aljihun mawaƙi.

Ticketmaster ya kare kansa da alƙaluma: ya ce kusan kashi 88 cikin 100 na tikitin an sayar da su a tsayayyen farashi, matsakaicin farashi dala 262 ne, kuma waɗanda suka haura dala 1,000 ba su kai kashi biyu cikin 100 ba. Ko da haka ne, ciwon ba a lissafi yake ba. Wannan mutum ya gina sunansa ne a kan waƙar ma'aikacin masana'anta da aka rufe, da tsohon soja da ya dawo ba aiki, da saurayin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Mutanen nan su suka riƙe shi shekara 50. Sai ga shi an wayi gari irinsu ba za su iya matsawa kusa da dandamali ba. Kuma a 2009 shi da kansa ya fito ya caccaki Ticketmaster lokacin da aka riƙa tura masoyansa wani shafin sayar da tikiti mai tsada, har ya yi adawa da haɗewar kamfanin da Live Nation. Wani ɗan majalisar wakilai daga New Jersey, Bill Pascrell, ya ma gabatar da ƙudurin doka kan sayar da tikiti da ya laƙaba wa suna BOSS saboda wannan rigima.

Watanni ya yi shiru. Da ya yi magana da mujallar Rolling Stone a Nuwamban 2022, abin da ya ce a taƙaice shi ne shekara 49 yana sayar da tikiti ƙasa da farashin kasuwa, wannan karon ya ce wa mutanensa su yi yadda takwarorinsa ke yi, kuma wanda ya kalli wasan bai gamsu ba ya zo ya karɓi kuɗinsa. A Fabrairun 2023 mujallar Backstreets, wadda masoyansa suka shekara 43 suna bugawa a kansa shi kaɗai, ta sanar da rufewa, kuma ta ambaci maganar tikitin a cikin dalilanta. Ka yi tunanin shafin masoyanka mafi daɗewa ya rufe da kansa saboda kai.

Ni dai a nan ina ganin ya yi kuskure, kuma amsar da ya bayar ta fi kuskuren muni. Gaskiya ne yana da ma'aikata masu yawa da zai biya, gaskiya ne 'yan bayan fage na cin kuɗin da ba su yi wa gumi ba. Amma mutumin da ya karɓi dala miliyan 500 wata bakwai kafin nan ba ya cikin waɗanda za su ce tilas ce ta sa. Akwai hanya. Robert Smith na ƙungiyar The Cure ya ƙi yarda da wannan tsari na ɗaga farashi a rangadinsa na 2023, ya hana a sake sayar da tikiti da riba, har ya matsa wa Ticketmaster ya mayar wa mutane wani ɓangare na kuɗin caji. Wato mawaƙi na da ta cewa in ya so. Da mujallar Forbes ta ce a 2024 dukiyar Springsteen ta haura dala biliyan ɗaya, ya musanta, ya ce sun yi kuskuren lissafi. To ko ba ta kai ba, ai ba a layin masu neman na cefane yake ba.

Sai dai kada a ɗora masa laifin duka. Live Nation, wanda ya haɗe da Ticketmaster a 2010, shi ke shirya wasan, shi ke da wuraren wasa da yawa, shi ke sayar da tikitin, shi ke karɓar caji a kai. A Mayun 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka tare da jihohi kusan 30 suka maka shi a kotu kan zargin danne kasuwa. Masoyan Taylor Swift sun sha irin wannan wahala a 2022, na Oasis a Birtaniya suka sha tasu a 2024. Mu ma da muke kukan tikitin wasannin Disamba a Legas, inda ake sayar da tebur ɗaya da miliyoyi, ƙanshin miyar ɗaya ce: wasan da talaka ya ɗaga yana komawa na masu kuɗi.

Dawo kan Trump. Wanda ya ɗauka tsufa ne ya sa Springsteen ya fara surutun siyasa bai san tarihinsa ba. Faifansa mafi kasuwa, Born in the U.S.A. na 1984, ya sayar da kusan kwafi miliyan 30, kuma mutane da yawa sun ɗauka waƙar da ke ɗauke da sunan faifan kirarin ƙasa ce saboda amshinta da tutar da ke bango. Alhali labarin tsohon sojan yaƙin Biyetnam ne da ya dawo gida ƙasarsa ta watsar da shi. Abin ya shafe shi: mai gangar ƙungiyarsa ta farko, Bart Haynes, a wannan yaƙin aka kashe shi a 1967. Shugaba Ronald Reagan ya ambaci sunansa a yaƙin neman zaɓe a New Jersey a Satumban 1984, yana son ya ci albarkacin tashensa, shi kuma ya mayar da martani daga dandamali. Matsalar masu jin amshi su bar baiti ba yau ta fara ba, TikTok ya zo ya same ta ne.

A Yulin 1988 ya yi wasa a Berlin ta Gabas, ƙarƙashin mulkin gurguzu, gaban mutanen da aka ƙiyasta daga 160,000 zuwa 300,000, ya karanta gajeren jawabi da Jamusanci yana fatan wata rana a rushe duk shingaye. Katangar ta faɗi bayan wata 16. Ba shi ya rushe ta ba, kada a yi masa ƙari. A Oktoban shekarar ya zo Afirka a rangadin kare haƙƙin ɗan Adam na Amnesty, suka yi wasa a Harare da Abidjan tare da Youssou N'Dour, Sting, Peter Gabriel da Tracy Chapman.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Amadou Diallo. Saurayi ne ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, yana 'yar sana'arsa ta tireda a titin New York. Daren 4 ga Fabrairun 1999 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tare shi a ƙofar gidansu a unguwar Bronx. Ya sa hannu ya ciro walat, suka buɗe masa wuta, harsashi 41, 19 suka same shi. Ba shi da makami. Kotu ta wanke su duka a 2000. Springsteen ya rubuta waƙa a kan kisan, American Skin, kuma shugaban ƙungiyar 'yan sandan New York ya yi kira a ƙaurace wa wasanninsa. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana na cikin manyan masu sayen tikitinsa. Ya shiga Madison Square Garden ya rera ta duk da haka, wasu na yi masa ihu. Wannan shekara 13 ke nan kafin a fara jin taken Black Lives Matter.

Shi ya sa lamarinsa ke da wuyar yanke wa hukunci da layi ɗaya, irin yadda muke so a sashen kwament. Mutumin da ya yarda ya ɓata da masu ba shi kuɗi saboda wani baƙo ɗan Afirka da bai taɓa gani ba, shi ne dai ya bar na'ura ta tatsi masoyansa. Kuma masu sukarsa daga ɓangaren Trump na da abin kamawa: yawancin ma'aikatan da yake waƙa a kansu, fararen fata na garuruwan da masana'antu suka mutu, Trump suka zaɓa a 2024, shi kuma ya yi shirin tattaunawa da Barack Obama a 2021, ya kuma tara wa Kamala Harris jama'a a 2024. Yana magana da yawunsu, su kuma da yawansu sun daina jin shi a matsayin nasu. Bayan Manchester bai janye ba. Ya maimaita jawabin a sauran biranen Turai, ya kuma fitar da shi a ƙaramin faifai cikin mako guda.

Jiki kuma ya fara karɓar nasa kason. A Satumban 2023 gyambon ciki ya sa ya ɗage duk sauran wasannin shekarar, bai dawo ba sai Maris na 2024. Bayan wata biyu murya ta ɗauke, likitoci suka sa ya ɗage Marseille, Prague da Milan. Matarsa Patti Scialfa, wadda ita ma 'yar ƙungiyar ce tun 1984, ta bayyana a 2024 cewa tana fama da wani nau'in kansar jini tun 2018, shi ya sa ba a cika ganinta a dandamali ba. Shi kansa ya rubuta cewa ya shafe shekaru yana fama da ciwon tsananin damuwa, yana ganin likita yana shan magani, kuma abin ya fi kama shi ne in ya sauka daga hanya ya zauna a gida. Fim ɗin da aka yi a kansa, Deliver Me from Nowhere, wanda ya fito a Oktoban 2025 Jeremy Allen White na fitowa a matsayinsa, a kan wannan lokacin duhun ya tsaya: 1982, sa'ad da ya kulle kansa a ɗaki ya naɗi faifan Nebraska shi kaɗai da ƙaramar na'urar kaset. Masu cewa ba su da kayan aiki su ji wannan, wayar da ke hannunka ta fi waccan na'urar nesa ba kusa ba.

A rangadin da ya fara a 2023, kusan kowane dare yakan tsayar da kiɗa ya ba da labarin George Theiss, abokin da ya shigar da shi The Castiles yana ɗan shekara 15. Theiss ya rasu a 2018, kuma da rasuwarsa Springsteen ya zama shi kaɗai ya rage a raye cikin waccan ƙungiya. A wani wasa a Philadelphia a Agustan 2024 ya faɗa wa 'yan kallo cewa babu wani rangadin bankwana da zai yi. Tallent da Bittan haihuwar 1949 ne kamar shi, Van Zandt 1950, Weinberg da mai jita Nils Lofgren 1951. Weinberg, wanda ke dukan ganga awa uku a jere, an yi masa aikin zuciya fiye da sau ɗaya. Jake Clemons, wanda suke kallo a matsayin yaro a cikinsu, an haife shi a 1980.